Shekarar da Inna ta yi ciwon haƙori

Duk lokacin da na ji ƙamshin kanumfari, ɗakin kakata nake tunawa. Mahaifiyar babanmu ce, Inna muke ce mata, kuma a ɗakinta na tashi, a wani ƙauye da ke ƙasar Kebbe. Siririyar tsohuwa ce mai yawan dariya. Hannunta ba ya zama banza: in ba ta ɓarar gyaɗa, to tana tsinkar rama.

Wata damina, gero ya fara fidda kai, haƙori ya kama ta. Ta cusa kanumfari a kogon, bai yi ba. Sai aka sayo mata farasitamol wurin mai kemis ranar kasuwa. Ta ƙulle shi a haɓar zane kamar goro, da ta ji ciwon ya motsa sai ta kwance ta haɗiyi biyu. Ba wanda ya ga laifin haka. Ka san yadda muka ɗauki maganin nan, kamar ruwan randa.

Kowa kuma na son ta. Baffana ya kawo nasa, gwaggota ta aiko da maganin mura don ta ji Inna na atishawa. Duk ta sha, ta sa musu albarka.

Bayan 'yan kwanaki ta fara amai, ta daina cin tuwo, tana dafe ƙasan haƙarƙarinta na dama. Da safe na kai mata kunu bakin ƙofa, na ga farin idonta ya koma ruwan ɗorawa. Mata suka ce shawara ce, a dafa saiwa. Baba ya tsuguna gabanta ya daɗe yana kallonta.

"Inna, asibiti za mu."

"Kan haƙori? Gona fa?"

"Gona tana nan. Ke nika ji wa tsoro."

Ya ɗora ta a babur, gwaggo ta zauna baya ta rungume ta. Hanya duk laka, wani wurin sai sun sauka ya tura. Haka suka kai Tambuwal. Mu kuwa muka yini tsakar gida, ba wanda ya kula da girki.

Gwaggo ce ta ba mu labari daga baya. Da likita ya tambayi abin da Inna take sha, sai ta kwance haɓar zanen ta zube masa. Ya ɗauki maganin murar ya ce shi ma akwai farasitamol a ciki, wato ninki take sha ba ta sani ba. Ya ce hanta ce ke ɗaukar nauyinsa, kuma in ya yi yawa ba ta yin ƙorafi da wuri, sai ɓarna ta yi nisa. Babba mai ƙarfi biyu zai sha, ya bar aƙalla awa huɗu tsakani, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. Mai ƙaramin jiki irin Inna ma bai kamata ta kai haka ba. Ciwon da ya wuce kwana uku kuma, a je a duba tushensa.

Aka yi mata ƙarin ruwa da magani a ciki, ta yi kwanaki a kwance. Allah ya sa da sauran kwana. Da ta warware aka cire haƙorin, ta dawo ana shirin girbi, ta rame amma bakin na nan.

"Sun ɗauke min ɗaya," in ji ta, "sauran sun isa cin ɗanyar gyaɗa."

Daga nan ta yi wa maganin ƙa'ida da salla, tunda ba ta san agogo ba. Bayan asuba, bayan azahar, bayan lisha. Wata rana ta kama baffana zai ƙara sha da la'asar, ta riƙe masa hannu.

"Da azahar ka sha, ina gani. Hanta guda Allah ya ba ka."

Ta yi shekaru masu yawa bayan haka, har ta goya ɗiyata ta fari. Yau ina aure a Tambuwal, kemis a kowace kusurwa, yaro ma sai a aike shi ya sayo. Sauƙi ne, na kuma gode wa Allah da shi, don ya sha sauke wa 'ya'yana zazzaɓi. Sai dai a gidana maganin yana saman kabad, ni ke bayarwa, na yara daidai nauyinsu yadda aka gaya mini a asibiti. Kwanan baya maigidana ya dawo da ciwon kai, ya miƙa hannu sama. Kafin in buɗe baki, ƙaramar ɗiyata, wadda ba ta taɓa ganin Inna ba, ta ɗago kai daga kwanon abinci ta ce, "Baba, yaushe ka sha na ƙarshe?"