Macijin Ƙarƙashin Randa

Jama'a, wallahi abin nan a kaina ya faru, a ƙauyenmu kusa da Falanko, farkon wata damina. Ɗiyata Rabi tana kwance da zazzaɓi, kwana huɗu, na ɗaga randa in share ƙasanta sai ga ɗan macijin nan da muke ce wa mai-kai-biyu. Bai fi tana ba, sai dai jikinsa a bushe yake yana sheƙi, ba ka ganin idonsa, ba ka rabe kai da wutsiya.

Yayar mijina ta ce aike ne, wani ya yi wa Rabi sammu. "A ajiye shi a tsakar gida, duk inda ya nufa daga can aka turo shi."

Aka ajiye. Ya ja jiki ya bi ta ƙasan dangar Iya Talle, tsohuwar da ta yanke wa ƴaƴana duka cibiya. To ni na san dalili, a gindin dangar take zubar da ruwan wanki, ƙasar da laima, tururuwa ta yi gida, shi kuwa ƙwan tururuwa da na gara ne abincinsa, bakinsa ma bai isa cizon mutum ba. Tun ina yarinya nake ɗaukarsu a tafin hannu. Amma na yi shiru, don ina tsoron dangin miji.

Aka ce Iya ce ta turo shi, aka daina amsa gaisuwarta. Ranar da za ta koma wajen ɗanta a Belbeji ta tsaya ƙofata ta ce, "Uwar Rabi, ke ma?" Na sunkuyar da kai. Rabi kuwa allurar likita ta tashe ta.

Da bazara, ƙasa ta bushe ƙamas, lokacin da ba a ganinsu sam, da rana tsaka ina surfe sai ga ɗaya ya fito ta ƙasan dangar nan, ya ratso rairayi mai zafi, ya wuce inuwa, ya wuce randa, ya zo ya kwanta bisa ƙafata. Sanyi ƙalau. Kafin la'asar aka aiko cewa Iya ta rasu da azahar.

Ban san mene ne ba, ban kuma tambayi malami ba. Ku dai in kun san gaskiyar mutum, ku faɗa tun yana jin ku. Har yau in zan share ƙasan randa, sai in kira Rabi ta ɗaga.