Gudun da ya taso mahaifiyata daga Birchi

Shekarun baya can, farkon shekarun tamanin, ina koyarwa a wata firamare a Dutsin-Ma. Albashi ya fara zama mini a jiki, na ajiye tumbi har sai na leƙa nake ganin yatsun ƙafata. Likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, in rage gishiri, in riƙa motsa jiki. Abokina, wani Kirista mutumin Filato da ke koyar da wasanni a makarantarmu, ya ce in bar masa wannan aikin. Ya ara mini takalmin kambas, muka sa lokaci bayan sallar asuba.

Ranar farko ko bakin gari ban kai ba na dafe haƙarƙari, ina haki kamar tsohon jaki. Ya tsaya yana dariya. "Malam, ba tsere muke yi ba. Ka yi gudun da za ka iya hira a cikinsa." Haka muka riƙa bin hanyar Kurfi, yau kaɗan, gobe a ƙara. Masu tafiya gona su ce, "Malam, lahiya? Mi ya koro ku?" In na ce motsa jiki ne, sai sun duba bayanmu tukuna su wuce.

Muna mu biyu, mutane sun ɗauke shi shirmen 'yan boko. Da aka yi dogon hutu abokina ya tafi gida, na ci gaba ni kaɗai, don na fara jin daɗin jikina, barci ma ya dawo mini. Ban yi tunanin yadda abin yake a idon mai kallo ba: magidanci da gemunsa, shi kaɗai a bakin daji, yana gudu ba mai bin sa.

Wata rana da azahar sai ga mahaifiyata ta sauka daga mota, riƙe da gorar rubutu. Matar da ta yi shekaru ba ta bar ƙauyenmu Birchi ba. Ashe labarin guduna ya kai mata. Ko ruwan da maiɗakina ta kawo ba ta taɓa ba, idona kawai take kallo.

Ina da wa, shi ne ɗanta na fari. Ina ƙarami ciwon taɓin hankali ya same shi, kuma da gudu ya fara: ya fita da sassafe ya yi ta keta gonaki. An yi magani, an ɗaure, an kwance. Wata damina ya fita, har yau ba a ga ko rigarsa ba. Saboda kunyar ɗan fari, mahaifiyata ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ko da ake zuwa jaje surfenta ta ci gaba da yi, kamar ɗan maƙwabta ne ya ɓace.

Na yi dariya, na ce, "Inna, likita ne fa ya ce in riƙa yi."

Ta ce, "Shi ma wancan cewa yake lahiyarshi lau. Amshi ka sha."

Na shanye rubutun don a zauna lafiya. Amma taurin kai irin na mai ɗan ilimi bai bar ni ba. Na ce gobe zan fita a gabanta, in dawo garau, ta gani da idonta. Washegari da na dawo daga masallaci na ɗaura kambas, na tarar da ita zaune a zaure bisa tabarma, carbi a hannu. Na gaishe ta zan wuce, sai ta kama idon ƙafata da hannu biyu. Ban san tsohuwa na da irin wannan ƙarfi ba.

Ta ce, "Kada ka tahi." Sai ta kira ni da sunan wana.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Na zauna nan ƙasa kusa da ita na kwance takalmin, ita kuma ta juya fuska bango tana kuka marar sauti. Ni ma na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Ban sake gudu ba. Na koma shan ƙwayoyin likita, tumbi ya dawo da 'yan rakiya. Ta koma Birchi tana gaya wa mutane Allah ya karɓi addu'a, ni kuwa ban taɓa gyara mata zancen ba har ta rasu. Da abokina ya dawo hutu na mayar masa da takalminsa, na ce gwiwa ce ta hana ni.

Yanzu in na ga matasa suna gudu da safe ba mai ko ɗaga kai ya dube su, nakan ji daɗi, sannan zuciyata ta yi nauyi. Na daɗe ina ganin rashin kukanta a kan wana taurin zuciya ne, ashe wurin yin sa ne ba ta samu ba. Har yau ban sani ba ko bakinta ne ya suɓuce a zauren nan, ko kuwa shi ɗin take hanawa fita.