Baƙuwar akuyar mahaifiyata

Shekarun baya akwai wata jar akuya mai tsagaggen kunne a gidanmu na Dingyaɗi, mahaifiyata na kiranta Baƙuwa. Dusa da harawa tata ce kafin sauran dabbobi su sansana. Ni kuwa Allah Ya yi ni da bin diddigi, har kishin akuyar nan na yi. Na ce, "Inna, wai mi ta fi mu da shi?"

Ta ce, "Wagga ba tamu ta ba, amana ta."

Ashe wata ƙawarta Bafulatana ce ta bar mata ita, shekarar da geronmu ya ƙi. Daga Nijar ita da danginta suke gangarowa da shanu da rani. Al'adarsu ce, suna ce mata habbanaye: a ba wanda ya rasa aron dabba, ta haihu ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Na yi ta mamaki, babu shaida babu sa hannu, kuma mai ita tana wata ƙasa!

Baƙuwa ta haihu har sau biyu, lokacin mayarwa ya yi, sai aka rufe boda. Ƙawar shiru. A shekarar albasar mahaifina ta ruɓe a rumbu, 'ya'yan akuyar duk suka tafi a cefane. Ya ce a kai uwar kasuwa a samo taki, in mai ita ta zo a saya mata wata.

Inna ta ce, "Malam, wata aka ba ni ko wagga?" Ranar igiyar akuyar a gindin gadonta ta ɗaure ta.

Sai da rani ya zagayo wani makiyayi ya yi sallama, ƙanen ƙawar ne. Ta rasu. Amma ta bar saƙo: kada a maido akuyar, a miƙa wa wadda ba ta da komai. Inna ta sha kuka, sannan ta ja abarta har Lambara, gidan wata da mijinta ya rasu ya bar ta da yara.

Na daɗe ina jin ana maganar tallafi a rediyo, ban san a gidanmu yake cin dusa ba. Bara aiki ya kai ni wajen Shagari, can yankin Lambara, na ga wata mata na lallaɓa jar akuya. Halin nawa ya motsa, na tambaye ta ko ta sayarwa ce.

Ta harare ni. "Ina! Baƙuwa ta."