Wutar da Na Hure a Ƙarƙashin Firij

Akwai wata Litinin da ban taɓa mantawa da ita ba. Ba a daɗe da yin jihar Taraba ba, ina aikin shara da wanke kwanonin allura a wani ƙaramin asibiti a Sintali. Ba ni da wata takarda sai ta yaƙi da jahilci.

Kafin lokacin, sai an aiko mana da maganin rigakafi cikin akwatin ƙanƙara daga babban asibiti. Sannan aka kawo mana firij namu mai aiki da kananzir, domin wutar lantarki ba ta da tabbas. An koya wa ma'aikatan jinya masu farin kaya yadda ake kula da shi. Ni ba wanda ya gaya mini komai.

Ranar Juma'a ni ce ta ƙarshen tashi. Ina shara sai na ga 'yar wuta shuɗiya tana ci a ƙarƙashinsa. Wace mace ce za ta kulle ɗaki ta bar wuta? Na durƙusa na hure ta. Ban san wutar ce ke kawo sanyin ba.

Litinin da safe mata sun cika baranda, sun kawo yara allurar ƙyanda. Sista Rahila, shugabarmu, ta duba firij ta ce, "Lagwani ya mutu. In da asuban nan ne, maganin zai yi. In ya kwana biyu, ruwa kawai za mu tsira wa yaran mutane."

Ba wanda ya gan ni lokacin da na hure wutar. Ina da 'ya'ya huɗu, aikin nan ne abincinsu. Na jingine tsintsiya na ce, "Sista, tun Juma'a ne. Ni na kashe."

Ta juyo ta ce, "Maman Ladi, kin san abin da kika yi?"

"Yanzu na sani."

"To, zo ki faɗa musu da bakinki."

Na fita na ba su haƙuri, na ce su dawo bayan mako biyu. Wata Bafulatana da ta taso tun daga wajen Lau ta gyara goyonta ta ce, "Inna, jibi muna tashi da shanu." Ta tafi. Ban sake ganinta ba, ban kuma san ko ƙyanda ta tsallake yaron ba.

Ba a kore ni ba. Sista da kanta ta koya mini gyaran lagwani, na riƙe firij ɗin har na yi ritaya.

Ku da kuke aiki yanzu, in sabon inji ya zo, ku kira har mai shara ku yi mata bayani. Ita ce ke kulle ƙofa.