Mzee Jecha Mai Hawan Kwakwar Otal

Da an idar da sallar asuba a ƙauyen Matemwe, Mzee Jecha Vuai, wato dattijo Jecha, zai kurɓi shayinsa, ya rataya igiya a wuya, ya soke wuƙa a ƙugu, ya bi bakin teku zuwa ɗan otal ɗin nan mai ɗakunan jinka da attajiran Turai ke sauka. Aikinsa shi ne ya hau bishiyoyin kwakwa ya sauko da duk wadda ta ƙosa, kafin ta faɗo a kan baƙo. Da baƙin gashi ya fara, a watan nan ya ajiye igiyar da furfura.

Hawan bai taɓa ba shi wuya ba. Mutanen otal ɗin ne suka ɗaure masa kai.

A nan tsibirin Unguja mai hawan kwakwa waƙa yake yi da ƙarfi in yana sama, don na ƙasa su kauce. Da Jecha ya kama aiki, manaja ya ce baƙi shiru suka zo nema.

"Jecha, ka hau abinka, amma ban da waƙa."

"To Bwana, ta yaya za su san ina sama?"

"Ai ba a so su sani."

Jecha ya yi ta juya maganar har gida, bai gano kanta ba. Ya dai bi umarni.

Wata safiya ya yanke reshe shaƙe da kwakwa, zai sake shi ke nan ya leƙa ƙasa. Sai ga amarya 'yar Italiya cikin farar riga ta kishingiɗa a gindin bishiyar, ango na gefenta, mai hoto na gyara musu zama. Jecha ya rungume reshen da hannun dama, na hagu ya maƙale bishiya. Ya yi magana, iskar teku ta kwashe. Nauyin ya fara jan kafaɗarsa. Da ya rasa dabara, sai ya ɓarke da waƙar da aka hana shi.

Suka ɗaga kai. Suka fara tafi.

Jecha ya ƙara murya. Baƙin da ke kwance a bakin ruwa suka taso, suka taru a ƙarƙashinsa suna ɗaukar hoto. Tun da aka haife shi bai taɓa ganin an ji wannan waƙa an matso ba. Ya rasa ko ya ci gaba ko ya yi shiru, ga shi yana jin wani abu na yagewa a kafaɗarsa.

Wata mai sharar ɗakuna, Bi Mtumwa, ita ce ta jiyo daga nesa, ta gane. Ta sheƙo da tsintsiya tana kora su kamar kaji, ta fizgo amaryar da ƙarfi. Sannan Jecha ya saki. Reshen ya nutse cikin yashi daidai inda amaryar ta tashi.

Da manaja ya aika kiransa, Jecha ya tafi da rigar aikinsa a ninke, yana jiran kora.

"Baƙi sun ji daɗi ƙwarai," in ji manaja. "Daga yau kullum da la'asar za ka hau ka yi musu waƙa."

"Wadda aka hana?"

"Ita fa."

"Su kauce ke nan?"

"A'a, Mzee. Su taru."

Ya fito ya tarar da Bi Mtumwa tana shanya zannuwan gado. Ya ce, "Mtumwa, ni yanzu wanne ne aikina?"

Ta ce, "Yaya, kada ka wahalar da kanka. Na safe na Allah ne, na yamma na manaja."

Haka kuwa ya yi. Da safe ya sauke kwakwa shiru, Bi Mtumwa na gadin gindin bishiya da tsintsiyarta. Da la'asar ya hau wadda ya riga ya tsige tas, ya yi wa mutane waƙar "ku kauce", su yi ta tafi. Manajoji suka yi ta sauyawa. Wani ya sa shi ɗaura zane, wani ya ce ya cire riga, wani ya ce ya mayar. Bai taɓa fahimtar dalili ba, bai kuma taɓa barin kwakwa ta ƙosa a kan hanyar baƙi ba.

Ranar ban kwana, sabuwar manaja ta yi jawabi ta kira shi mawaƙin otal, ta miƙa masa hoton ranar amaryar nan cikin gilashi: ga shi a sama, baki a wangale, reshe a ƙirji. Ya daɗe yana kallo, sannan ya raɗa wa Bi Mtumwa, "Wai dariya suke zaton ina yi a nan?"

Mzee Jecha, mu mun san ba dariya ba ce. Kai ne ka riƙe nauyi a kan mutanen da ba su san sunanka ba, har kafaɗarka ta lalace, ba ka saki ba. Kai ne aka yi ta ba ka umarni masu cin karo da juna, ka bi su ba tare da ka yar da amana ba. A duk shekarunka ba a taɓa ɗaukar kowa daga gindin kwakwar otal ɗin zuwa asibiti ba. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka.

Masu tasowa, ku riƙe naku aikin kamar yadda ya riƙe nasa, ko an yabe ku a kan wani abu dabam. In kuma hanya ta bi da ku Matemwe, ku tsaya ku gaishe shi. Ku ɗan sunkuya in za ku ba shi hannu, don nasa na dama ba ya ɗaguwa.