Bindigar da Na Bari a Rumbu

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Alhamis ina zaune a bakin ɗakina ina bitar Kemistiri. An yi ruwa da asuba ya ɗauke. Mama tana madafi tana dama kunu. Ƙanwata Rifkatu tana sharar tsakar gida tana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Baba yana gindin mangwaro da rediyonsa, yana wasa fartanya a kan dutse.

Ƙauyenmu gida goma sha tara ne a gindin dutse, tafiyar minti arba'in a kan babur daga Zuru idan hanya ta bushe. Wayar salula ta shigo Zuru a lokacin, amma sabis bai kai mu ba. Baba tsohon soja ne. Da igiya uku ya yi ritaya, don haka kowa Saje yake kiransa. Ya je Laberiya ya dawo da ɗingishi a ƙafar hagu.

Ƙarfe shida yayana Ishaku ya fito da garma a kafaɗa. Ranar golmonsa ce, wato noman da saurayi yake yi wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ba shi kaɗai yake zuwa ba, duk sa'o'insa suna raka shi. Gonar tana hayin rafi, tafiyar awa guda a ƙafa. Ni ba a zuwa da ni, Baba ya ce jarrabawa tana gabana. Ishaku ya ranƙwashi kaina da zai wuce, ya ce, "Malam, a gaida littafi." Suka tafi suna kiɗa. Aka bar ƙauye da tsofaffi da mata da yara, da ni.

Mako biyu kafin nan wani baƙo ya zo wai yana neman bijimin saye. Dogo ne, an yanke masa rabin kunnen dama. Ya zauna da dattawa, ya tambayi ina samari suke noma bana da kuma yaushe. Aka gaya masa. Ni na kawo masa ruwa, a kofin Baba.

Ƙarfe bakwai da minti ashirin na ji babura. Ba ɗaya ba ne, kuma ba su rage gudu a kwanar coci ba kamar yadda 'yan gari suke yi. Bayan minti biyar aka yi harbi na farko, ta wajen gidan mai unguwa. Baba ya kashe rediyo. Ya karkata kai yana saurare. Na biyu da na uku suka zo a jere. Shanu suka fara kuka a garke.

Ya miƙe. Ya tura Mama da Rifkatu bayan ɗaki, inda danga take da rauni. Ya mirgina turmi ya tokare ƙofar gida. Sannan ya juyo gare ni.

"Bulus! Rumbu! Akwai tukunya ƙarƙashin dawa. Ɗauko mini bindiga!"

Shekarata goma sha takwas a gidan nan ban san akwai bindiga a cikinsa ba. Ishaku ya sani. Ni ba a taɓa nuna mini ba. Ƙafar Baba ba ta iya hawa tsani, shi ya sa ya aike ni.

Rumbunmu na laka ne, ta sama ake shigarsa. Na hau tsani, na ture hular ciyawa, na dira ciki. Na dubi agogon hannuna, don haka na saba. Bakwai da minti talatin da ɗaya. Na tona zangarniyar dawa da hannu biyu har yatsuna suka taɓa bakin tukunya. Na cire murfi. Na zaro ƙunshi ɗaya, na ji akwai wani a ƙarƙashinsa.

Biyu ne. Kowace a cikin tsohuwar safar soja.

Na zare su na ɗora a gwiwoyina, inda haske yake faɗowa daga sama. Fistol ne duka biyun, manya, irin na hafsoshi, waɗanda suke ɗana kansu bayan kowane harbi. Tsawonsu kusan ɗaya. Nauyinsu kusan ɗaya. Ta dama baƙa ce wuluk, babu ƙwarzane ko ɗaya a jikinta, har lambobin da aka buga mata suna karantuwa. Ta hagu ta koɗe, bakinta da gefunanta sun yi fari. An naɗe mariƙinta da robar tayar keke. Tana maiƙo, tana warin man keken ɗinkin Mama.

A waje wata mata tana ihu tana kiran sunan ɗanta. Harbi ya matso gidan maƙwabcinmu.

Ni kuma ina zaune ina tunani. Wannan shi ne gaskiyar abin da ya faru, ba zan gyara shi ba. Na ce ta hagu ta tsufa, an shafa mata mai ne don tsatsa ta cinye ta, an ɗaure ta da roba don ta tsage. Na ce ta dama sabuwa ce, mutum ba ya zuwa yaƙi da tsohon makami alhali yana da sabo. Na jijjiga su kusa da kunnena. Ta hagu ta yi ɗan ƙara, ta dama ba ta yi ba. Na ɗauki wannan a matsayin hujja. Ban tuna cewa fartanyar da ake noma da ita ce take koɗewa ba. Kuma bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya cewa ina da hannu biyu da aljihu biyu. Shekara goma sha biyu ana koya mini cewa idan an ajiye maka amsa biyu, ɗaya ce daidai.

"Bulus!"

Na mayar da ta hagu cikin tukunya. Har murfin na rufe. Na soke ta dama a ƙugu na haura. Bakwai da minti talatin da uku.

Ana dukan ƙofa da gindin bindiga. Turmi yana ja da baya kaɗan-kaɗan. Baba yana durƙushe bayan katangar madafi. Ya miƙo hannu ta baya ba tare da ya waiwayo ba, na sa masa ita a tafi. Yatsunsa suka rufe a kan mariƙin. Na ga kafaɗarsa ta tsaya. Ya san ta tun kafin ya duba.

Ƙofa ta faɗi. Mai rabin kunne ne ya fara shigowa, da doguwar bindiga, wani yana bayansa. Tsakaninsu da Baba bai fi taku goma ba. Baba ya ɗana, ya auna ƙirjinsa, ya ja kunama.

Ƙas.

Ya sake ɗanawa. Harsashi mai rai ya faɗo ƙasa kusa da ƙafata. Ya sake ja.

Ƙas.

Ya waiwayo ya dube ni. Bai daɗe ba. Babu faɗa a idonsa, da akwai da ya fi mini sauƙi.

"Ɗauki uwarka! Dutse! Kada ku tsaya!"

Ya jefi mutumin da bindigar, ya zari adda, ya tashi a kan ƙafarsa mai kyau. Ina tsallake danga na ji harbi huɗu. Na ƙirga su. Bayan na huɗu na ji mai rabin kunne yana dariya yana cewa a kwance shanu.

Muka shiga gonar dawa. Ba ta kai ƙugu ba a lokacin, ba ta ɓoye kowa. Mama a gaba, Rifkatu a tsakiya, ni a baya. Ƙasa ta jiƙe, takalmana suka maƙale na bar su. Wasu mata da yara suna gudu ta gefenmu. Wani daga bakin gari yana harbin gonar ba tare da ya auna kowa ba. Harsashi yana wucewa da ƙara irin ta zuma.

Ƙarfe takwas saura kwata Rifkatu ta faɗi. Na zaci tuntuɓe ta yi. Na ɗaga ta, na ga rigarta ta jiƙe a ƙasan haƙarƙari. Ba ta yi kuka ba. Mama ta kwance ɗankwali ta ɗaure wurin. Na goye ta.

Muka hau dutse ta hanyar awaki. Ƙarfe takwas da rabi muka kai kogon da yara suke fakewa idan ruwa ya tsare su a kiwo. Mutum ashirin da wani abu muka tarar a ciki. Daga nan ana hango ƙauye. Hayaƙi yana tashi daga gida biyar. Ana kora shanunmu gabas, babura biyu a gaba, uku a baya. Can hayin rafi, da iska ta juyo, na ji gangar golmo. Ba su sani ba tukuna. Suna ta noma.

Ƙarfe tara da minti goma harbi ya tsaya. Ba wanda ya yarda ya sauka ta gefen gari. Muka bi bayan dutse, ni da Mama, muna karɓa-karɓar goyo. Rifkatu ta nemi ruwa sau biyu. Na ɗebo mata na ramin dutse a tafin hannu. Ta tambaya ko an sauke kunu daga wuta. Mama ta ce an sauke.

Ƙarfe goma sha ɗaya muka fito titi. Motoci biyu suka wuce mu, suka ga jini, suka ƙara wuta. Wani ɗan acaɓa mai zuwa daga Wasagu ya tsaya. Ya sauke buhun da ya ɗauko a bakin hanya, ya ɗauke mu mu uku. Na riƙe Rifkatu a tsakanina da shi. Kanta yana kan kafaɗata, ina jin numfashinta a wuyana. Muna hango rufin kwanon Zuru na daina jin sa. Sha biyu saura minti takwas. Ban gaya wa Mama ba sai da muka tsaya a ƙofar asibiti.

Da la'asar Ishaku ya same mu a gidan kawunmu a Zuru. Laka har gwiwa. Shi ya rufe idon Baba. Ya ajiye baƙar bindigar a gabana a kan tabarma. Ɓarayin sun gwada ta sun yar.

Ya ce ba ta taɓa tashi ba. Baba ya karɓe ta ne a hannun wani abokin aikinsa, daga baya ya gane allurar da take dukan gindin harsashi a karye take. Ya ajiye ta har ya sami maƙerin da zai amince da shi. Ɗayar ce ya riƙe shekara tara a bakin aiki. Ita yake shafa wa mai duk farkon wata.

Sannan Ishaku ya ce, "Me ya hana ka ɗauko duka biyun?"

Bai sake tambaya ba har yau.

Bayan kwana uku muka koma jana'iza. Ba su ƙone rumbunmu ba. Da mutane suka watse na hau tsani. Tukunyar tana nan da murfinta yadda na rufe. Na fito da bindigar, na ce wa Ishaku ya koya mini. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya yi gaba zuwa bayan dutse. Ya nuna mini yadda ake riƙewa da yadda ake ɗanawa. Na auna wata kuka daga taku goma. Na ja kunama sau ɗaya. Ta tashi. Ɓawon kukar ya fashe daidai tsayin ƙirjin mutum. Na zauna a ƙasa.

Na rubuta jarrabawar a shekarar, na ci. Mun bar ƙauye, muna zaune a Zuru. An kai rahoto, an zo an rubuta sunaye, ba a kama kowa ba. Fasto ya zo sau uku yana yi mini maganar gafara. Na ba shi kujera, na saurare shi har ƙarshe, na raka shi bakin hanya.

Ina zuwa kasuwar Bena ranar da take ci. Wani lokaci Sakaba. Ina zama kusa da kara, inda ake cinikin shanu, da littafi buɗe a cinyata. Mutane sun saba da ni, suna ce mini ɗan makaranta. Ba karatu nake yi ba. Kunnuwa nake dubawa. Na san tsayinsa, na san yadda yake jan ƙafa idan zai zauna, na san da hannun hagu ya karɓi kofi. Duk farkon wata ina karɓar man keke a wurin Mama. Ta san abin da nake yi da shi. Duk da haka tana miƙo mini kwalbar. Ranar da na gan shi ba zan zauna ina tunani ba.

Da rani na koma gidan ni kaɗai, da agogo. Na tsaya inda Baba ya kira ni. Na ruga, na hau tsani, na dira, na buɗe tukunya, na kwashi duwatsu biyu da na sa a ciki, na fito har bayan katangar madafi. Sau biyar na yi. Mafi jinkiri a cikinsu bai kai minti ɗaya ba.

Mutum bakwai aka binne a ƙauyenmu a makon nan. Biyu daga gidanmu ne. Baba yana da shekara hamsin da shida. Rifkatu tana aji ɗaya a sakandare, an ɗinka mata rigar makaranta da girma don ta kai ta aji uku. Sau biyu kawai aka wanke rigar.