Wanda Aka Ɓoye a Rumbu

Ko yau in rana ta bugi sabuwar zana, warin busasshiyar gamba ya tashi, sai in ji ƙeyata ta riƙe. Jikokina dariya suke yi, wai tsohuwa na tsoron zana. Ku yi ta dariyarku, ƴan banza, ba ku kwanta cikinta ba.

Zamanin nasara ne, tsakiyar bazara, sanƙarau ya faɗo ƙauyenmu na kudu da Dogon Dutsi. Ciwo ne mai kama wuya ya banƙare mutum baya, da safe yaro na wasa, kafin azahar bai san uwarsa ba. Kwamanda, nasaran da ke mulkin yankinmu, ya sa aka kafa bukkokin zana bayan gari, duk wanda ya kamu a kai shi can wurin lokotoro, wato likita. Mu kuwa abin da muka ji shi ne, lokotoro na soka allura a gadon baya ya zuƙe ruwa. Kowa a ƙasarmu ya san ruwan baya shi ne ruwan haihuwa. Wanda aka zuƙe wa, ko ya tashi, ya gama.

Ciwon ya kama mu biyu, ni da wana, shi kaɗai ne namiji ga babanmu. Muna kwance tabarma ɗaya aka ce ga gardi nan tafe, ɗan sandan nasara mai jar hula, kuma mai gari ya riga ya faɗa masa akwai marar lafiya gidanmu. Ba zai fita hannu wofi ba.

Kakata, uwar babanmu, ta tsaya kanmu ta dube mu. Ta ce wa baba, "Ɗauki yaron ga ka sa cikin rumbu. In sun taɓa bayansa gidan ga ya mutu."

Inna ta ce, "Ita fa?"

"Ita can gidan wani za ta haihu."

Zazzaɓi ya rufe mini ido, amma bai toshe mini kunne ba. Na ji, wallahi na ji.

A kan gadon kara aka ɗauke ni. Lokotoron ma baƙin mutum ne kamar mu, Hausarsa guntu-guntu. Aka lanƙwashe ni, aka danne, allurar ta shiga, na yi ƙara har muryata ta ɗauke. Daga nan sai farar ƙwaya mai ɗaci da ruwa, ruwa, ruwa, ko ba ka so a ɗura maka. Ba zan yi muku ƙarya ba, an mutu a bukkokin nan, ta kusa da ni ma an fitar da ita naɗe a tabarma. Inna kan zo da fura ta tsaya bayan igiya, ba dama ta matso. Ni dai na tashi, na koma gida da ƙafafuna.

Shi kuwa wana, muddin gardi na yawo cikin gari, a rumbun laka yake wuni, an rufe bakin, rana na dukan sa. Bai mutu ba. Amma da ciwon ya sake shi, kunne ya tafi, hannun dama da ƙafa sun shanye, lokaci-lokaci ya faɗi yana kumfa. Ƴan bori suka ce Doguwa ce ta shafe shi. Aka yanka baƙar akuya, aka kaɗa garaya har tsirkiya ta tsinke, bai ko waiwaya ba.

Kaka ce ta ɗauki jinyarsa, ba ta yarda kowa ya taɓa shi ba. Kullum da hantsi ta murza masa hannun da man shanu, ta gasa ƙafar da yashi mai ɗumi, ta buɗe yatsun ɗaya-ɗaya su sake dunƙulewa. Da hannunta take ba shi tuwo. In ya faɗi, mutane su watse don tsoron kumfar, ita ta zauna ta ɗora kansa a cinya. Har ya yi gemu tana goya shi zuwa inuwa. Ni kuwa ba ta ƙara haɗa ido da ni ba, kuma na ji haushinta, ba kaɗan ba.

Ranar sunan ɗana na fari ta zo da sanda, ta karɓi jinjirin ta daɗe tana kallo. Sai ta sa hannu ta bayan zanena ta lalubo wurin allurar. A hankali ta ce, "Ashe ba su zuƙe komi ba." Ta aje yaron ta fita, ko fura ba ta sha ba.

Bayan rasuwarta ni na ɗauko wana. A ɗakina ya yi furfura, a ɗakina ya cika, bai taɓa cewa uffan ba, gidan babanmu kuma ya zama gona.

Yanzu in an ce masu rigakafi sun zo, mata har faɗa suke yi a layi, kowa na tura nata gaba. Nikan zauna gefe in kalle su. Ƴaƴa da jikoki sun cika mini gida, amma har yau ban san ko in gode wa tsohuwar nan ko in yi mata kuka ba. Da ta so ni kamar yadda ta so shi, da ni aka sa cikin rumbu.